Kada a Yanka Minista

Litinin, 4 ga Disamba, 6:10 na safe

Jiya bayan coci yayana Fatsani ya kira daga gida. An sallamo Amayi, mahaifiyarmu, daga asibiti, an ce ta koma ta huta. Ya faɗi wasu abubuwan ma, amma ba don su na sayi wannan littafin ba.

Na saye shi ne don za mu je garinmu Nkhotakota, can bakin tafki, da Kirsimeti, ni da mijina Limbikani da 'yarmu Tamanda. Saura kwana goma sha tara. Shekara uku ke nan rabonmu da gida, kuma wannan karon dole tafiyar ta yi kyau. Dole Tamanda ta isa gaban kakarta, ta zauna, ta kwana, ba a ɗauko ta tana ihu ba.

Wannan ne littafi na tara da na saya bana. Sauran takwas duk a shafi na huɗu suka mutu. Limbikani ya gan shi a hannuna ya ce, "Allah ya raya, Maman Tamanda. Yaushe ne suna?" Na ce ya kiyaye ni.

Shekara biyu da suka wuce, likitar da ta duba Tamanda ta ba abin sunaye biyu, otizim da ADHD. Tana karanto alamomin, Limbikani ni yake kallo, ba 'yarsa ba. Da ta gama ta ajiye biro ta ce, "Madam, ke fa, an taɓa duba ki?" Takarda ɗaya muka je nema, muka dawo da biyu. Ni dai yadda na san abin, 'yan haya biyu ne a kaina kuma ba sa ga maciji. Ɗaya tana so cokali ya kwana inda ya kwana jiya. Ɗayar in ta ga abu sau biyu ya gundure ta, sai ta haura katanga. Tamanda ma su ne a nata kan, sai dai nata shekararsu goma, ƙarfinsu ya fi na nawa.

Litinin, 2:45 na rana

Na sayi biro kala shida. Na manta ban ci abincin rana ba.

Laraba, 6 ga Disamba, 5:30 na yamma

Na gaya wa Tamanda zancen tafiyar. Tana tsalle a kan katifa, ba ta ko tsaya ba ta ce, "A'a."

Ban ga laifinta ba. Zuwanmu na ƙarshe tana da shekara bakwai. Muna sauka daga mota mata goma sha uku suka rangaɗa guɗa a kanta, kowa ya miƙo hannu, kowa yana so a gaishe shi shi kaɗai kamar yadda aka saba. Ta ciji Anti Esnart, ƙanwar Amayi, ta shige ƙarƙashin rumbu, awa biyu tana ihu. Aka ce sangarta ce. Wata ta ce a kai ta a yi mata addu'a. Amayi ba ta ce komai ba, ni kuma shirun nata ne ya fi ƙona mini rai. Washegari muka bar garin. A bakin mota na faɗa wa Amayi wata magana. Ita ma ba zan rubuta ta ba.

Tamanda ta yi tsalle kamar hamsin sannan ta ce, "Minista tana nan?"

Minista kazar Amayi ce, wake-wake, ƙatuwa. Tamanda ba ta taɓa ganinta ido da ido ba. Amma shekara biyu ke nan duk Lahadi ƙarfe huɗu sai ta aika wa kakarta saƙon murya ta wayar Fatsani, tambaya ɗaya, kuma Agogo take ce mata, wato kaka: "Agogo, ya kaji?" Amayi kuma ta amsa da labari mai tsawo. Limbikani ne ya raɗa wa kazar suna, wai tana zagaya gida tana duba aiki, ta ci ta ƙoshi, ƙwai ko ɗaya babu.

Na ce Minista tana nan.

"Zan gan ta? Zan taɓa ta?"

"Za ki gan ta, za ki taɓa ta."

"Rubuta."

Na rubuta, na sa hannu, babanta ya zama shaida. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a safa. Za mu je! Na shiga kicin na yi rawa ni kaɗai har na ture buhun gawayi.

Juma'a, 8 ga Disamba, 1:15 na rana, ofis

Aikina zana taswira ne, to yau gwamnati ta yi haƙuri. Na zana hanyar tun daga ƙofarmu a Blantyre har gindin mangwaron Amayi. Kowane minti hamsin akwai wurin tsayawa don Tamanda ta sauka ta yi tsalle, don in ta wuce haka a zaune sai ta fara cizon hannun riga. Kore wurin fitsari ne, shuɗi wurin da babu 'yan talla, ja wurin da ba za a buɗe gilashi ba ko ana rabon kuɗi. Salima ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, hutun awa ɗaya, shinkafa a farantinta mai gida uku don kada miya ta taɓa komai.

Da safe muna shan shayi Limbikani ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin dai san me ake yi wa kaza mafi ƙiba idan baƙi sun zo daga birni."

Na ajiye kofin.

Ya ce, "Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Ki gaya wa Fatsani tun da wuri."

Wannan ya fi ƙarfin a sa shi cikin jerin sauran abubuwa. Na samo jan kati na rubuta da manyan baƙaƙe, na adana shi a wuri na musamman inda ba zai ɓace ba kuma Tamanda ba za ta gani ba. A hanyar ofis na saya mata sabon abin toshe kunne, irin na masu aikin injin niƙa. Tsohon ya fara sakewa.

Lahadi, 10 ga Disamba, 4:20 na yamma

Amsar Amayi ta yau minti ɗaya ce kacal. Da takan yi shida. Muryar ta yi siriri. Layin waya ne, damina ta shigo.

Talata, 12 ga Disamba, 6:00 na yamma

Fatsani ya hau surin bayan coci, nan ne kawai waya ke kamawa, na karanta masa jerin. Abu talatin da ɗaya.

"Na ɗaya, ba guɗa."

Ya ce, "Zione, ke da kanki kin san Anti Esnart. Ko akuya ce ta haihu sai ta yi guɗa."

"Na biyu, ba miƙo hannu. Mutum uku kawai a tsakar gida."

"Sauran dangin fa, in zuba su a tafki?"

"Achimwene, yayana, don Allah."

"Ina ji, ina ji. Ci gaba, ranki ya daɗe, mai girma shugabar ƙasa."

Ba turare. Ba rediyo. Kada a ce mata ta kalli mutum a ido. In ta tashi ana cikin magana ba raini ba ne. Kada a matsa mata ta taɓa tuwon nsima da hannu. Ya ce bironsa ya ƙare a na goma sha tara, sauran ya rubuta da gawayi a bangon coci, in fasto ya tambaya zai ce sababbin dokoki ne suka sauka. Na yi dariya har da hawaye. Na manta rabon da ni da shi mu yi dariya tare.

Da muka gama ya ce, "Ba ki tambaye ni jikinta ba."

Na ce katina ya kusa ƙarewa.

Komai na gaya masa. Na soke jerin gaba ɗaya da kore.

Alhamis, 14 ga Disamba, 7:00 na safe

Na tsani taswirar. Na tsani kalolin. Me zai hana mu biya ta Liwonde mu ga giwaye? Ko mu shiga jirgin ruwa?

Alhamis, 7:25 na safe

Ba za a canja komai ba. Wace ce ma ta kawo zancen giwaye?

Asabar, 16 ga Disamba, 3:00 na rana

Yau mun yi gwajin isowa a falo. Kujeru biyu ne mota. Limbikani ya ɗaura zanena a ka, ya cusa filo a riga, ya zama Anti Esnart. Ya taho yana rangaji, "Wayyo 'yata ta birni! Zo in ga ko haƙoran sun ƙara kaifi!" Ya nuna tabon cizo a hannu, ya nuna wani a ƙafa, har da wani a ƙeya.

Tamanda ta ce, "Sau ɗaya na cije ta. A hannun hagu."

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe, tabon ne ya hayayyafa."

Ta yi dariyar nan tata mai kama da shaƙuwa, ta faɗi a kan tabarma. Muka sake sau huɗu. A na biyar ta ce ta gaji, abin ya zama iri ɗaya. Na ce to mu canja, wannan karon Anti ta fito ta hagu. Sai ta toshe kunne ta ce ba haka aka tsara ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, don ni kaɗai a duniya na san yadda abu biyun nan suke zama gaskiya a lokaci guda.

Ta shirya jakarta ta kwance sau uku. A ciki akwai littafinta na kaji, tef ɗin awo, da masara cikin kwalbar magani, tsarabar Minista.

Lahadi, 17 ga Disamba, 4:40 na yamma

Fatsani ne ya amsa saƙon yau. Ya ce Agogo tana barci, kaji suna gaisuwa. Tamanda ta saurara sau biyu ta ce, "Agogo ba ta barci ƙarfe huɗu." Na ce zafi ne. Na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 20 ga Disamba, 12:30 na rana

Sukari, sabulu, man girki, zane biyu. Na tsaya a kasuwar Limbe da zanen Amayi a hannu, mai ganye shuɗi, sai na kasa tuna ko yadi nawa take ɗaurawa yanzu. Mai shagon ta ce, "Madam, lafiya?" Na ce hayaƙin masu gasa masara ne.

Juma'a, 22 ga Disamba, 5:50 na yamma

An duba Tsohuwa, motar Limbikani. Makaniki ya ce za ta kai mu in an lallaɓa ta. Kaya sun shiga, kowace jaka da lambarta. Na duba jerin sau uku, babu abin da ya rage. Ban taɓa shirya abu ya kammalu haka ba tun da aka haife ni. Limbikani ya ce a ba ni lambar yabo. Na ce ya bari sai mun dawo.

Akwai wani abu da yake ɗan sosa mini ƙeya, amma kullum akwai.

Asabar, 23 ga Disamba, 11:50 na safe, cikin mota

Hanyar duk ramuka.

Komai ya tafi daidai har Salima. Ta yi tsallenta a Balaka, ta ƙirga gadoji, ta yi waƙa. A jadawali an rubuta: Salima, gwada sabon abin kunne. Ta buɗe kwalin. Jan kati ya faɗo a cinyarta.

Tamanda ba ta ganin rubutu ta ƙyale. Ta karanta da ƙarfi, kalma-kalma: "A gaya wa Fatsani. Kada a yanka Minista."

Wuri na musamman. Inda ba zai ɓace ba. Kai, Zione, Allah ya shirye ki! Abu talatin da ɗaya na karanta wa bawan Allah a kan suri, har da irin sabulun da za a ajiye, na bar guda ɗayan da ya fi su duka a cikin kwali.

"Me ya sa za a yanka ta?"

Limbikani ya buɗe baki, na riga shi, don ba a yi wa Tamanda kwana-kwana. Na ce haka ake karrama baƙo, a yanka masa kazar da ta fi kowacce.

"Mu ne baƙin?"

"Mu ne."

"Kin gaya wa Kawu?"

"Ban gaya masa ba. Na manta."

Na jira ihun. Na riga na ga komai: mu juya, mu koma Blantyre, Amayi tana zaune tana jiran ƙarar mota. Na kira Fatsani sau bakwai, a kashe. Kwana biyu ana ruwa, su kuma da hasken rana suke caji.

Ba ta yi ihu ba. Ta fara kaɗa jiki gaba da baya, ta ciro takardar alkawarin daga safa ta riƙe. Ta ce, "Ƙarfe nawa ake yankawa?"

Babanta ya ce, "In baƙi za su iso ƙarfe uku, to wajen ƙarfe ɗaya."

Ta kalli taswirata, ta sa yatsa ta auna. Ta ce, "A soke Salima. A soke tsalle. Baba, tafi."

Yarinyar da in aka canja mata kofi sai an yi awa ana lallashi. Ita ta karɓi jan biro ta soke hutun da hannunta.

Tsohuwa tana gudun da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Limbikani yana ta ce mata, "Haba 'yar albarka, yau kaɗai, gobe ki mutu in kin ga dama." Tamanda ta cinye rabin hannun rigarta. Ni addu'a nake, kuma kunya ta hana ni gaya wa Allah a kan me.

Asabar, 6:15 na yamma, gida

Bari in bi shi daki-daki, don kada in manta ko ɗaya.

Ɗaya da minti ashirin muka shigo. Abu na farko da na gani Fatsani ne a gindin mangwaro, da wuƙa a hannu, da tukunyar ruwan zafi tana tururi.

Abu na biyu, mata. An ce mutum uku, na ƙirga goma sha ɗaya, sun jeru a jikin katangar kara. Muna buɗe ƙofa Anti Esnart ta ɗaga hannu kamar mai ba da waƙa a coci, sai duk suka buɗe baki, harshe yana kaɗawa, hannu yana rawa a gaban leɓe, kafaɗu suna motsi, amma ko ƙis ba ka ji. Guɗa ce cikakkiya, babu sauti. Jijiyar wuyan Anti ta tashi don ƙoƙari, hawaye yana zubo mata. Daga baya na ji kwana huɗu suna gwaji a bayan coci, kuma sau biyu ana korar Anti don ta kasa riƙewa.

Tamanda ba ta ko kalle su ba. Ta nufi Fatsani kai tsaye ta ce, "Kawu, ina take?"

Ya nuna baranda da wuƙar, ya ce, "Je ki tambayi kakarki. Ni na gaji."

Amayi tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango. Ta ragu. Zanen da na sayo zai zagaye ta sau biyu. Wannan ke nan, na rubuta.

A cinyarta, cikin zanenta na zuwa coci, wani abu yana motsi. Ta ɗaga gefen zanen, sai ga kan Minista ya leƙo, tana harare-harare kamar an katse mata taro.

Fatsani ya ce tun asuba ya kama ta, don ita ce mai ƙiba kuma ba ta ƙwai. Amayi, wadda kwana tara ba ta taka ƙofar ɗaki ba, ta fito da bin bango ta ce a ba ta ta ga nauyinta. Da ta karɓa sai ta zauna a kanta, kusan a zahiri. Awa bakwai. Ya roƙa, Anti ta roƙa. Ya ce, "Amayi, so kuke a ce 'yarku ta zo bayan shekara uku an ba ta wake?" Ta ce a ce. Kazar ta ɓata mata zane sau uku, ba ta motsa ba.

Na durƙusa na ce, "Amayi, laifina ne. Na rubuta a kati in gaya muku, na manta."

Ta dube ni yadda take dubana tun ina ƙarama in na dawo daga rijiya babu guga. Ta ce, "Kati? Shekara biyu yarinya tana tambayata lafiyar kaza duk Lahadi, sai an aiko mini da kati?"

Tamanda ta zauna a gabanta, ba gaisuwa, ba durƙuso, ba wanda ya ce uffan. Ta buɗe kwalbar magani ta zuba masara a tafin hannu. Minista ta ci. Sannan ta ciro tef ta auna ta daga baki zuwa wutsiya, ta ce wa kakarta, "Riƙe nan." Amayi ta riƙe. Hannunsu ya haɗu a kan bayan kazar, kuma Tamanda ba ta janye nata ba.

Wake muka ci da kifin chambo da Fatsani ya runtuma bakin tafki ya sayo yana ƙunƙuni. Ban taɓa cin abinci mai daɗinsa ba. Anti Esnart ta roƙi izini, ta tafi can bayan gonar rogo, muka jiyo ta daga nesa ta saki guɗar da ta riƙe tun rana. Tamanda ta ɗaga kai ta ce, "Wannan nisan ya yi."

Litinin, 25 ga Disamba, 2:00 na rana

Kirsimeti. Ba mu je coci ba, cocin ne ya aiko mutum huɗu suka yi waƙa a hankali a baranda. Shinkafa ta taɓa miya a farantin Tamanda, aka yi minti arba'in ana fama. Da abin ya yi mata yawa ta nufi rumbu. Na bi ta, sai na tarar an share ƙarƙashinsa tas, an shimfiɗa 'yar tabarma.

Anti ta ce Amayi ce ta sa a yi tun makon jiya. Wai ta ce, "Uwarta ma can take shiga. Nakan tura mata kwano da sanda in bar ta."

Na manta da wannan. Wallahi na manta, sai yau. Ashe shirun da ta yi shekara uku da suka wuce ba na fushi ba ne, jira take a watse ta tura kwano.

Na je na zauna kusa da ita. Na ce, "Amayi, maganar da na faɗa a bakin mota."

Ta ce, "Wace mota? Miƙo mini mangwaron can."

Talata, 26 ga Disamba, 9:30 na safe

Tamanda ta fito daga ƙarƙashin rumbu da yanar gizo a gashi tana ihu, ihun murna: "Goma sha ɗaya! Goma sha ɗaya!" Can ƙurya, bayan dutsen da ya tokare rumbun, Minista ta tara ƙwai goma sha ɗaya ba wanda ya sani, kuma yau da safe ta kwanta a kansu.

Limbikani ya cire hula ya ce yana neman afuwar mai girma Minista, ashe aiki take a ɓoye. Fatsani ya ce shi dai ba a yi masa adalci ba, a ce kaza ta fi shi wayo a gidan uwarsa.

Laraba, 27 ga Disamba, 4:30 na yamma

Gobe Alhamis ne ranar komawa. Haka jadawali ya ce, da kore.

Muna baranda, ina tsefe wa Amayi kai. Tamanda tana zagaya turmi, zagaye na ɗari da wani abu. Sai ta tsaya cak ta ce, "Agogo, za ku mutu ne?"

Kwana ashirin da huɗu ina kewaya wannan tambayar. Na sayi biro kala shida don kada in yi ta. Na ce, "Tamanda!"

Amayi ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Ƙyale ta. Duk gidan nan ita kaɗai ta tambaye ni. Sauran sai su ce na yi kyau yau." Ta juya wajenta. "Eh, zan mutu."

"Yaushe? Ina so in sa a jadawali."

"Ba su ba ni rana ba, 'yar nan."

Tamanda ta kaɗa yatsu. Ta ce, "Ƙwai kwana ashirin da ɗaya yake yi. Jiya ne na ɗaya. Saura ashirin."

"Ashirin," in ji Amayi. Ta kalli rumbun ta daɗe. "Da yawa fa. To, zan yi ƙoƙari."

"Rubuta."

Amayi ba ta iya rubutu ba. Tamanda ta yage shafi daga wannan littafin, ta ja gida ashirin da ɗaya da rula, ta ba ta jan biro ta ce kullum da safe ta soke ɗaya. Amayi ta soke na jiya da na yau, hannun yana rawa, layin ya fita daga gidan. Tamanda ta duba, na ga abin ya dame ta, ta haɗiye ta ce, "Ba komai."

Sannan ta ɗauko jadawalina ta soke Alhamis.

Na kifa kaina a bayan uwata na yi kukan da nake bin kaina, ita kuma tana cewa in yi a hankali kada in jiƙa mata kitso.

Alhamis, 28 ga Disamba, 7:05 na safe

Limbikani ya tafi shi kaɗai, zai kai takardar neman hutuna ofis ya dawo mana da kaya. Ban rubuta masa jeri ba. Ya tsaya a bakin mota yana jira, ya ce, "Ko kati ɗaya?" Na jefe shi da ƙwallon mangwaro.

Wannan littafin ya wuce shafi na huɗu tuntuni, ban ma lura ba.

Ban tsara komai na yau ba. 'Yan hayan nawa duk sun yi tsit, ɗaya tana da gidajen da za a soke, ɗayar tana jiran abin da zai fito daga ƙwai.

Tamanda ta kai wa kakarta biro tun kafin a dama koko. Amayi ta soke na uku, ta ce a ɗaga ta a kai ta baranda, inda za ta riƙa hango rumbun.